Koriyar Iƙamar Ubale

Ubale ya rasu da hantsi, ranar wata Talata a shekarar 1998, a wani asibiti da ke kudancin Jidda. Ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa Gwadabe kayansa a leda ɗaya: tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, makullin ɗaki, agogo, sai iƙama, ɗan littafin nan na izinin zama da baƙo ba ya fita ko ƙofar gida ba tare da shi ba. Bangonta kore ne. A lokacin kore na Musulmi ne, ruwan ƙasa na wanda ba Musulmi ba. Ubale kuwa Kirista ne ɗan Kirista, daga wani ƙauye a bayan Malumfashi, kuma a iya sanin Gwadabe duk unguwar Hindawiyya shi kaɗai ya san haka.

Kwana uku kafin rasuwar, Ubale ya kama masa hannun riga a bakin gado.

"Gwadabe, kai ka ji abin da aka tambaya, ka kuma ji abin da na faɗa."

"Kwanta, mutumina. Likita ya ce ka rage magana."

"Likita bai san takardata ba. Ka san maƙabartar nan mai dogon bango, can wajen tsohon gari, inda ake kai irinmu? Can nake so. Ban ce ka nemo mini fasto ba, na san babu. Ka je ka gaya musu abin da nake, su rubuta. Iyaka ke nan."

"Zan gyara."

"Shekara goma sha takwas kana gyarawa," in ji Ubale. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma bai saki rigar ba sai da Gwadabe ya ce ya yi alkawari.

Abin ya faro ne a 1980. Gwadabe mutumin Fagge ne ta Kano, ya riga Ubale zuwa da shekara biyar, ya iya Larabcin Jidda na titi da na ofis. Tafinta yake yi a wani kamfanin manyan motoci da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa. Aka kawo sababbin direbobi goma sha biyu daga Nijeriya, Ubale na cikinsu. Kwana uku suna layi a filin kamfanin, ba inuwa, suna jiran akawun da zai cike musu takardun neman iƙama. Ran na uku, bayan azahar, layi ya zo kan Ubale. Akawun bai ɗago kai ba. Ya kurɓi shayi, ya ce a taƙaice, "Ed-diyana?" Wato wane addini.

Ubale ba ya jin Larabci. Daidai wannan lokacin ya samu ya dafa gwiwar hannunsa a kan teburi bayan tsayuwar kwana uku, sai ya saki dogon numfashi ya ce abin da kowane Bahaushe yake cewa idan ya iso inda za shi, ko ɗan coci ne ko ɗan masallaci: "Alhamdu lillahi."

A Jidda, idan aka tambaye ka addininka ka ce haka, ka ba da amsa. Akawun ya rubuta Muslim. Gwadabe yana tsaye tsakaninsu, ya ji tambayar, ya ji amsar, ya kuma san ba su haɗu ba, domin da safiyar ranar Ubale ya gaya masa mahaifinsa mai wa'azi ne a cocin ƙauyensu. Ya buɗe baki, sai ya tuna kafilinsu, mai kamfanin, yana neman direbobin hanyar Makka, inda mai iƙama ruwan ƙasa ba ya wuce shinge, kuma waɗanda ba su da amfani a can ana yawan mayar da su gida kafin shekara. Ya ga kamar alheri yake yi. Ya sa hannu a gurbin tafinta.

Da iƙamar ta fito aka karanta wa Ubale abin da ke ciki, bai yi faɗa ba. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan ba tawa ba ce."

"Hotonka ne a ciki."

"Hotona ne. Sauran na wani ne. Mu koma su gyara."

"Bari a wuce aikin Hajji, yanzu ofisoshi a cike suke."

Hajji ta wuce. Sai aka ce akawun ya bar aiki. Sai kafili ya rasu, 'ya'yansa suka karɓi kamfani, Gwadabe ya ce ba yanzu ake tayar da tsohuwar magana ba. Kowace sabuntawa ana kwafe abin da ke tsohon littafi a zuba a sabo. Kuma duk shekarar da ta ƙaru gyaran ƙara nauyi yake yi, domin yanzu Ubale ya shiga Makka da mota ya fi sau ɗari. Yakan sauke buhunan shinkafa a ɗakunan ajiya na bakin gari ya juyo, bai taɓa doshin Harami ba. Ya ce gidan mutane ne, ba a gayyace shi ba.

Bai taɓa yin sallar ƙarya ba. Idan aka kira salla, kantuna suka ja ƙofa, masu zagaye suka fara kora mutane masallaci, sai ya shige ƙarƙashin motarsa da sufana a hannu har a idar. Alkasim, wani dattijo Badamagare mai kantin turare da atamfa a Hindawiyya, wanda shi ne ke tsaya wa duk Bahaushen da ya rasu a unguwar, yakan leƙa ya ce, "Ubale, wai masallacinka a ƙarƙashin kamiyo yake ne?"

"Nan ya fi sanyi, Alhaji."

"To ka sa mu a addu'a, mu da muke cikin zafi."

Da azumi ba ya cin komai a gaban kowa, kuma shi ke kawo ƙanƙarar buɗa baki. Duk ashirin da biyar ga Disamba kuwa sai ya sayi ɗan akuya, ya dafa shinkafa da kansa, ya tara su a ɗakinsa ya ce zagayowar ranar sunan 'yarsa Turai ce. Alkasim yakan ce, da loma a baki, "Wannan yarinya kowace shekara sai an sake raɗa mata suna? Allah ya raya ta, ta fi mu amfani."

Sau ɗaya Ubale ya nemi mutanensa. Ya ji labarin wani gida a Ruwais inda wasu Kiristoci, Indiyawa da Habashawa da 'yan Filifin, suke taruwa ranar Juma'a da safe, tagogi a rufe, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ya sa farar rigarsa ya tafi. Da yamma Gwadabe ya same shi zaune a kan tayar mota, rigar tana jikinsa har lokacin.

"Na ji waƙar tun daga bene," in ji shi. "Harshen daban ne, amma muryar tamu ce, wadda uwata take yi in tana daka. Mai tsaron ƙofa ya ce in nuna iƙama, don suna tsoron 'yan rahoto. Na nuna. Ya ce na yi ɓatan hanya, masallaci yana ƙarshen layi. Da ladabi ya faɗa, har ya rako ni ya nuna mini."

"Ba ka yi masa bayani ba?"

"In ce me? In ce ni Kirista ne mai takardar Musulmi? In an kama su gida za a mayar da su. In an kama ni a cikinsu, cewa za a yi Musulmi ne ya fita daga addini, su suka fitar da shi." Ya dubi Gwadabe. "Da ruwan ƙasar ce, da an hana ni hanyar Makka kawai. Wannan ta hana ni ko'ina."

Gwadabe ya ce zai gyara. Wannan a 1987 ne.

Yanzu ga leda a hannunsa, ga gawa a ɗakin sanyi na asibiti. Ya hau tasi zuwa Hindawiyya. Ya tarar labari ya riga shi, Alkasim ya ja rabin ƙofar kanti, ya sauko da farin ƙyalle yana aunawa da kamu.

"Bakano, ka zo? Allah ya jiƙan Ubale. Dogo ne, na ƙara masa kamu ɗaya. In ka karɓo takardar izinin binnewa kafin azahar ta wuce, za mu samu la'asar."

"Alhaji, akwai magana."

"Kullum Bakano da magana. Riƙe mini nan."

Gwadabe ya riƙe bakin ƙyallen. Yana riƙe da shi ya faɗi komai: layin kwana uku, tambayar akawu, kalmar da Ubale ya furta, sa hannun da ya yi, alkawarin bakin gado. Alkasim bai daina yanka ba har almakashi ya kai ƙarshe.

"Shekara goma sha takwas ina cin akuya ran ashirin da biyar ga Disamba," in ji shi. "Ni lakwal na yi a Damagaram, bokon Faransa, makwabcinmu Kirista ne ɗan Dahomi. Ka ɗauka ban san Nowel ba, Kirsimetin nan nasu?"

"Ka sani?"

"Ni da Hamidou mai shayi, da rabin waɗanda suke zuwa cin shinkafar. Mutum bai zagi sallarmu ba, bai ci amanar kowa ba. Lokacin da aka kwashe makwabcinmu Oumarou da iyalinsa zuwa gidan tasfiri, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, wa ya kai musu abinci kwana arba'in? Me za mu tona? Amma ban san kuskuren takarda ba ne. Na zaci shi ya zaɓi ya ɓoye."

"Bai zaɓa ba."

Alkasim ya ninke ƙyallen, ya zauna a kan buhun turaren wuta. Wasan ya fita daga muryarsa.

"To bari in gaya maka yadda nake ganin za ta kasance, don kada ka ce ba a faɗa maka ba. In ka ce wannan littafin ƙarya ne, ba yau za a rufe shi ba, ba wannan watan ba. Zai zauna a sanyi har a gama bincike. Za a tambayi wa ya yi tafinta, ga hannunka a takarda. Za a tambayi sau nawa ya wuce shingen Makka, kuma wa ya sani. 'Ya'yan kafili za su ce ba su san komai ba, kuma gaskiyarsu ne. Kai za a riƙe. Matarka Zaituna da yaranka biyar, waɗanda in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsa maka, za su sauka a Kano ba su san ko hanyar Fagge ba. Mai yiwuwa kuma a ƙarshe a kai shi inda ya ce. Mai yiwuwa."

"To me zan yi?"

"Ni ban yi masa alkawari ba, kai ka yi. Amma mutum ya faɗi abin da yake, ya kuma faɗi inda yake so ya kwanta. In za ka faɗa, zan tsaya a bayanka in ce ni ma na sani. Shekaruna saba'in da ɗaya, in an kore ni Damagaram tana nan." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Yalla."

Gwadabe ya so a ce dattijon ya hana shi. Da ya samu wanda zai ɗora wa laifin.

A ofishin da ake ba da takardar mutane ba su da yawa, mutum huɗu ne a gabansu. Gwadabe ya shirya maganarsa da Larabci mai kyau, ya maimaita ta a zuci sau uku: an yi kuskure tun farko, ni ne shaida, mamacin Kirista ne. Gajeriyar magana ce. Yana jin numfashin Alkasim a ƙeyarsa, da ƙamshin sandal da ya kama rigar tsohon. Mutum na huɗu ya tafi, na uku ya tafi. Ya tuna autarsa Zubaidatu da safen nan tana neman takalminta na makaranta tana faɗa da Larabci. Ya kori tunanin, ya sake maimaita maganarsa.

Ma'aikacin saurayi ne mai fara'a. Ya karɓi takardar likita, ya karɓi iƙamar, ya yi ta'aziyya kamar yadda ya dace. Ya ga koren bango, ya ɗora biro a kan gurbin, ya yi tambayar don cika ƙa'ida kawai.

"Muslim?"

Alkasim ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Gwadabe.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwadabe.

Hatimi ya sauka. Saurayin ya miƙo takardar ya ce, "Halas, ya hajj. Allah ya ba ku haƙuri."

Suka fito bakin titi. Gwadabe ya jira zagi, ko tsokanar Kanawa da ya saba, ko ma kallo. Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da tasi, ya ce, "La'asar ta kusa."

Su biyu suka yi masa wanka. Alkasim ya sallami sauran masu son taimakawa, ya ce ɗakin ya yi ƙanƙanta. Suna cikin yi ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, "Su me suke cewa in suna rufe nasu?"

"Ban sani ba."

"Shekara goma sha takwas kuna cin abinci kwano ɗaya."

"Ban taɓa tambaya ba."

Alkasim ya ƙulle likkafanin ta wajen kai. "To sai mu yi wadda muka iya."

Motar gawa ta bi ta gefen tsohon gari. Ta hannun dama dogon bangon nan ya fito, da ƙaramar ƙofar ƙarfe a rufe, da kan wasu bishiyoyi suna leƙowa. Cunkoso ya tsayar da su daidai wajen na tsawon lokacin da mutum zai iya sauka ya ƙwanƙwasa. Gwadabe ya zuba wa ƙafafun gawar ido har motar ta motsa.

An yi sahu bakwai. Direbobi sun zo, masu shayi, 'yan dako daga tashar ruwa, har da wasu daga unguwar Madain Fahd da suka ji labari. Gwadabe ya tsaya a sahun farko, ya yi kabbara huɗu tare da kowa. Aka sa Ubale a rami ta gefen dama, fuskarsa tana duban Makka. Aka mayar da ƙasa, aka ajiye dutse ɗaya ta kai, ɗaya ta ƙafa, irin na kowa. Wani ya ce marigayin ba mai yawan zuwa masallaci ba ne amma zuciyarsa fara ce. Hamidou mai shayi ya ce masa ya yi shiru ya yi addu'a.

Washegari da rana Gwadabe ya je inda ake buga waya ƙasashen waje. Ya kira gidan wani ɗan kasuwa a Malumfashi da ke da tarho, ya roƙa a kira masa Turai, wadda yanzu malamar firamare ce. Ya jira rabin sa'a ya sake bugawa. Saƙon rasuwar ya riga ya same su tun jiya. Suka gaisa, ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa da murya a dashe.

"Baba Gwadabe, an rufe shi?"

"An rufe shi jiya da la'asar."

"An yi masa addu'a?"

"An yi. Mutane sun taru sosai."

"Mun gode Allah." Layin yana ƙara kamar ana zuba yashi. "Baba, duk wasiƙar da mahaifina ya rubuto sai ya ambaci wata takarda. Ya ce an yi masa kuskure a ciki, amma kada mu damu, abokinsa Gwadabe ya san hanyar ofisoshi, zai gyara. Ko a ta watan jiya ya faɗa. Mama ce ta ce in tambaye ka. An gyara kafin ya tafi?"

Zai iya cewa an gyara. Ba mai zuwa daga Malumfashi ya duba.

"Ba a gyara ba, Turai."

"To a ina kuka sa shi?"

"A cikin namu."

Ya ji ta kau da baki daga wayar tana gaya wa wata, ya ji muryar tsohuwa ta yi wata gajeriyar tambaya. Turai ta dawo.

"Mama ta ce ko an rubuta sunansa a wurin."

"Nan ba a rubuta suna."

"To," in ji ta. "Mun gode da ɗawainiya, Baba. A gaida Inna Zaituna." Ta ajiye.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya koma maƙabartar shi kaɗai. Ya ɗauka ya riƙe wurin: layi na uku daga bango, kusa da famfo. Amma an ƙara rufe wasu a kwana ukun, an kuma yayyafa wa layin ruwa gaba ɗaya, ƙasar ta zama iri ɗaya. Ya bi layin ya dawo, ya sake bi. Mai gadi, wani mutumin Yaman, ya taso daga inuwa ya tambaye shi wa yake nema.

"Abokina. Ranar Talata muka kawo shi."

"Ranar Talata mutum tara aka kawo. Ka tsaya ko'ina ka yi addu'arka, ya hajj, duk Musulmi ne a nan."

Gwadabe ya tsaya inda yake, tsakanin duwatsu biyu da bai tabbatar da su ba. Ya ɗaga hannuwa, ya rasa wadda zai karanta, ya sauke su. Rana ta yi zafi, ƙasar tana ƙona shi ta cikin takalmi. Ya daɗe a haka kafin ya nufi ƙofa.